Takun da Ake Yi Bayan Idon Likita

Tun kafin ƙarfe takwas na safe bencina sun cika a ƙofar sashen gashin ƙashi na wani asibitin ƙashi da ke Arewacin Nijeriya. Akwai waɗanda haɗarin mota ko na babur ya kawo, akwai yaran da aka haifa da karkatacciyar ƙafa, akwai masu shanyewar ɓarin jiki. Sannan akwai wani rukuni da a da ba a cika ganinsa ba: dattawa maza da mata da aka canza wa gwiwa. Ana gane su da miƙaƙƙen tabon da ya ratsa tsakiyar gwiwa daga sama zuwa ƙasa, da yadda suke tura ƙafa ɗaya gaba kafin su sauke jiki a kan benci. Wasu a nan gida aka yi musu aikin, wasu a Indiya ko Masar, amma duk inda aka yi yankan, nan ake dawowa a sake koyon tafiya. Kusan kowannensu yana tare da mai jinya, ɗa ko 'ya ko jika, riƙe da katin asibiti da filas ɗin kunu da sandar dogarawa. Kayan aikin da ke ciki ba su da yawa: gadaje masu katifar leda, dogayen ƙarafa biyu a jere da ake dafawa a yi tattaki a tsakaninsu, keken motsa jiki, 'yar matakalar katako, da babban madubi don mutum ya ga ɗingishinsa da idonsa.

Idan layi ya zo kan dattijo, sai a kwantar da shi rigingine, mai gashi ya ɗauko ma'aunin kusurwa, wata rula ta roba mai hannu biyu da ke buɗewa da rufewa. Tsakiyarta yake ɗorawa a gefen gwiwa, hannu ɗaya ya fuskanci ƙugu, ɗayan ya fuskanci idon sawu. "Baba, ku ɗan ƙara jawo diddigen. Yauwa, ku riƙe a nan." Dattijo ya cije leɓe, gumi ya tsattsafo masa a goshi, a karanta lamba a rubuta a fayil: yau digiri 85, makon jiya 78. Daga nan sai tambayar da ba rula ke amsa ta ba: "To yaya ƙafar a gida? Kuna dai takawa ko?" Amsar kusan iri ɗaya ce daga bakin kowa: "Da sauƙi, likita, alhamdu lillahi. Muna taɓawa." Zaman gashi da wuya ya wuce awa ɗaya, mako kuwa awa 168 ne, kuma wanda ya zo daga nesa yakan yi makonni bai sake leƙowa ba. Ke nan abin da sashen ya sani game da abin da gwiwar nan take yi a tsakar gida da soro da hanyar masallaci bai wuce waɗannan 'yan kalmomi ba. Wannan giɓi ne ya sa nake ganin 'yan na'urorin ƙirga motsi da ake ɗaurawa a hannu ko ƙugu ko cinya sun cancanci gurbi a irin wannan sashe, bisa sharaɗi guda: mai gwiwar ya faɗi abin da yake son ta yi masa, a rubuta shi tun kafin a shiga tiyata, sannan a riƙa karanta lambobin na'ura a kan wannan buƙata tasa.

Aikin kansa ba sabo ba ne. Abin da ke kai mutum gare shi galibi amosanin gaɓɓai ne, inda guringuntsin da ya lulluɓe bakin ƙasusuwa ke zaizayewa har ƙashi ya koma gugar ƙashi. Likitan tiyata yana sheme ɓangaren da ya lalace a ƙarshen ƙashin cinya da saman ƙashin ƙwauri, ya rufe su da ƙarfe, ya sanya wata roba mai tauri a tsakaninsu. Samfurin da yawancin gwiwoyin yau suka samo asali daga gare shi an fara dasa shi ne a 1974 a wani asibitin ƙashi na New York, a hannun John Insall da abokan aikinsa. Yanzu Amurka kaɗai tana yin irin wannan aiki fiye da 700,000 a shekara, Birtaniya kuma kimanin 100,000. Wani nazari da mujallar Lancet ta buga a 2019 ya nuna cewa kimanin kashi 82 cikin 100 na gwiwoyin da aka dasa suna nan daram bayan shekara 25. Ta fuskar ƙarfe da roba dai an yi nasara. Amma da aka tambayi mutum 1,703 a lardin Ontario na Kanada, a binciken da aka buga a 2010, kusan ɗaya cikin biyar bai gamsu da sakamakon aikin ba. Hoton ƙashi yana iya fitowa tsaf, likita ya yaba aikin hannunsa, alhali mai gwiwar yana gida da damuwarsa.

Don a ji ta bakin marasa lafiya aka ƙirƙiro takardun tambayoyi. Ɗaya daga cikin waɗanda suka fi yaɗuwa ita ce ta Oxford, da aka fitar a 1998: tambayoyi 12 kan makonni huɗun da suka gabata, ana tara maki daga 0 zuwa 48. Tun 2009 hukumar lafiya ta Ingila take raba ta ga masu canjin gwiwa kafin aiki da kuma wata shida bayansa. Babban ci gaba ne, ba na raina shi, domin ya tilasta wa masu wuƙa su saurari wanda suka yanka. Sai dai takarda ta dogara ne da abin da mutum ya tuna da abin da ya yarda ya faɗa, kuma ba wanda zai iya cewa ga sau nawa ya miƙe tsaye ranar Talatar da ta wuce. A wurinmu akwai ƙarin nauyi. Dattijuwar da 'ya'yanta suka haɗa miliyoyin naira, wataƙila har wani ya rabu da filinsa, ba za ta buɗe baki a gabansu ta ce aikin bai biya mata buƙata ba. Kawaici ba zai bar ta ba, kuma tana ganin ƙorafi bayan an samu sauƙi rashin godiya ne ga Allah da mutane. Sau da yawa ma ba ita ke amsawa kai tsaye ba. Ɗanta ne ke juya mata tambayar zuwa Hausa, ya kuma tace amsar kafin ta isa kunnen likita. Ba wanda ya yi niyyar ƙarya a nan. Tarbiyya ce mai kyau, amma tana barin mai gashi cikin duhu.

Da masu bincike suka fara ɗaura wa mutane na'urori, abin da suka gani ya saɓa wa zato. A cikin kowace irin wannan na'ura akwai ɗan ƙaramin ma'auni da ke jin girgiza da sauyin saurin jiki sau da yawa a kowace daƙiƙa, manhaja kuma ta mayar da hakan zuwa yawan taku, ko mintocin tsayuwa da zama da kwanciya. A wani bincike da aka yi a Ostireliya aka buga a 2014, an sa wa masu canjin gwiwa da ƙugu na'ura kafin aiki da wata shida bayansa. A takarda sun ce ciwo ya ragu ƙwarai, rayuwa ta yi daɗi. Na'urar kuwa ta nuna motsinsu bai ƙaru ba: kafin aiki kashi 82 cikin 100 na lokacinsu a zaune ko a kwance suke, bayan aiki kashi 83. Wata bita da ta tattara bincike da dama a 2018 ta cim ma kusan matsaya guda, cewa a wata shida ba a ga ƙarin motsi na a zo a gani ba, sai a wata goma sha biyu aka ga ɗan ƙari, alhali ciwo ya daɗe da sauka. Dalilan ba ɓoyayyu ba ne. Tsokar gaban cinya, wadda ita ke miƙar da gwiwa ta ɗaga mutum daga kujera, tana rasa kimanin kashi 60 cikin 100 na ƙarfinta a watan farko bayan tiyata, kuma ba ta dawowa da kanta sai an nemo ta da atisaye. Ga kuma sabo. Wanda ya shafe shekara goma yana gudun tafiya ya riga ya tsara rayuwarsa a kan zama: ya sauko daga bene, ya daina zuwa kasuwa, ya saba aiken yara, abokan hirarsa sun koma zuwa gare shi. Cire ciwo ba ya warware wannan tsari. Ga tsoron faɗuwa, da tsoron kada a ɓata aikin da aka kashe dukiya a kai.

A gidajenmu akwai wani dalili da ya fi waɗannan wuyar taɓawa, domin daga ƙauna ya fito. Wanda ya dawo daga tiyata kewaye shi ake yi. Ya yunƙura zai ɗauko buta, jika ya riga shi. "Hajiya, ku zauna mana, me kuke so a kawo muku?" 'Yan dubiya suna sallama tun da hantsi har bayan isha'i, ita kuwa tana zaune bakin gado ƙafa a miƙe tana amsa gaisuwa, kowane mai shigowa yana jaddada mata ta huta kada ta matsa wa kanta. A cututtuka da yawa wannan ita ce jinya ta gari. Ga sabuwar gwiwa kuwa cutarwa ce. Ba don rashin tausayi ba masu gashi suke tsayar da mutum a kan ƙafarsa a ranar aikin ko washegari. Motsi yana rage haɗarin daskarewar jini a jijiyoyin ƙafa, kuma yana hana naman tabo ɗaure gaɓar daga ciki. Idan gwiwa ta sanƙare ta ƙi lanƙwasuwa, wani lokaci dole a sake sa mutum barci a lanƙwasa ta da ƙarfi, kuma wannan ya fi yin amfani idan an yi shi cikin kimanin makonni 12 na farko. Waɗannan makonni kuwa kusan dukkansu a gida ake yin su, nesa da rula da madubi. A nan na'ura ke da amfani: lambar taku da ta tsaya cik kwana goma ba ta ƙaru ba tana iya sa mai gashi ya ɗauki waya ya kira tun ba a makara ba. Lambar da ta faɗi kwatsam tana iya zama alamar kumburi, ko faɗuwar da aka ɓoye don kada hankalin 'ya'ya ya tashi, ko ƙwayar cuta da ta fara shiga rauni. Akwai kuma wani amfani da nake ganin ya fi dacewa da mu: lamba tana ba mai gashi hanyar yi wa iyali magana ba tare da ya ƙaryata dattijo ko ya zargi masu jinya ba. Ya nuna musu allon waya, su gani da kansu cewa Hajiya ba ta taka ko rabin abin da ta taka a makon da ta bar asibiti ba, sai kowa ya fahimci cewa barinta ta ɗauko butarta da kanta yana cikin magani.

Akwai shaidar cewa ganin lambar kansa yana motsa mutum. A wani gwaji da aka yi a birnin Sydney aka buga a 2018, an ɗaura wa mutum 163 masu canjin gwiwa ko ƙugu agogon Garmin. Wasu an bar su suna ganin takunsu tare da burin da aka sa musu na kullum, wasu kuma an rufe musu fuskar agogon. Masu gani sun fi ɗaya rukunin taku da kashi 43 cikin 100 a makon farko, kuma har a wata shida tazarar tana kashi 17. Gwaji ɗaya ne, a ƙasa ɗaya, ba za a ɗora masa abin da ya fi ƙarfinsa ba, amma alƙiblar da ya nuna a fili take.

Wani likita zai ce: an yi aikin ne don a cire ciwo, ciwo kuma ya tafi, wa ya ce dole sai dattijo ya zama mai yawo? Idan mutum yana barci lafiya kuma ya ce ya ji daɗi, ina ruwan agogo? Maganar tana da ƙamshin gaskiya, kuma barcin dare ba tare da zogi ba ba ƙaramar riba ba ce. Amma waɗanda ke zaune a kan bencinan nan yawancinsu suna ɗauke da hawan jini ko ciwon sukari ko ƙiba, kuma zama yana ƙara wa duka ukun ƙarfi. Cinyar da ba ta aiki ita ce ke kayar da tsoho a banɗaki. A wani babban bincike na Amurka da aka buga a 2014, kan masu amosanin gwiwa da waɗanda ke gab da kamuwa da shi, an ga cewa masu yin taku 6,000 ko fiye a rana sun fi tsira daga naƙasar tafiya bayan shekara biyu. Ba kan waɗanda aka yi wa tiyata aka yi shi ba, amma darasinsa ya shafe su. Uwa uba, idan aka tambayi mutanen nan abin da ya sa suka yarda aka yanka su, wurare suke lissafawa: masallacin Juma'a, shago, gona, gidan biki da gidan makoki, Makka. Sa'ayi tsakanin Safa da Marwa kaɗai ya kai kimanin kilomita uku, ban da ɗawafi da tafiyar Mina. Wanda burinsa ya yi wannan da ƙafarsa, ba a keken guragu ba, yana da haƙƙin a gaya masa gaskiya ko yana matsowa kusa da burin ko yana nan inda yake.

Masu gashi kansu sukan kawo wata suka da ta fi wannan kaifi: na'urar tana kuskure, kuma ta fi kuskure a daidai lokacin da aka fi buƙatarta. Haka ne. Agogon hannu ya dogara da lilon hannu da girgizar taku mai ƙarfi, wanda ke tura ƙarfen dogarawa kuwa hannayensa biyu a kafe suke, yana jan ƙafa a hankali, don haka agogon yakan rage masa ƙirge sosai. A ɗaya ɓangaren, fifita da mafici ko tankaɗe ko shiga adaidaita sahu a hanya mai gargada suna iya sa a rubuta masa takun da bai yi ba. Amsar ita ce a makonnin farko a ɗaura na'urar a ƙugu ko cinya ko idon sawu, inda ta fi jin ƙafa, kuma kada a ɗauki lambar rana guda da muhimmanci. Abin dubawa shi ne yadda makon nan yake idan an gwada shi da makon jiya, a jikin mutum guda, da na'ura guda, a wuri guda. Kuskuren da ke maimaita kansa kullum ba ya ɓoye hawa ko sauka. Abin da ya kamata a yi watsi da shi gaba ɗaya shi ne burin taku 10,000 da agogunan ke zuwa da shi daga kamfani. Asalinsa tallar wata na'urar ƙirga taku ce a Japan a 1965, ba daga ɗakin likita ya fito ba, kuma dattijuwar da ke mako na uku da tiyata idan ta ga an sa mata wannan buri, ko dai ta karaya ko ta matsa wa kanta gwiwa ta kumbura.

Sukar da ta fi kowace nauyi a wurina ita ce wadda ta shafi ƙasa, wato daɓe da tabarma. Tafiya a shimfiɗaɗɗen wuri tana buƙatar gwiwa ta lanƙwasu kimanin digiri 65, hawa matakala kimanin 85, tashi daga kujera kimanin 95. Gwiwar da aka dasa galibi tana kaiwa tsakanin 110 da 125, wanda ya wadaci mutumin da ke cin abinci a tebur, yana kwana a gado mai tudu, yana kewayawa a masai na zama. Hatta takardar Oxford, tambayarta kan tashi tsaye tana maganar tashi ne daga kujera bayan an ci abinci a tebur. Amma zaman tahiya, inda mutum ke ɗora nauyinsa a kan diddige, yana neman digiri 150 ko fiye, haka ma cikakken tsuguno. Rayuwar Bahaushe kuwa rabinta a ƙasa take. A ƙasa ake cin tuwo, a ƙasa ake zaman makoki da ɗaurin aure, a kan kujera 'yar tsuguno ake girki a murhu, da gajeriyar tsintsiya ake shara, durƙusawa ake yi a gaida na gaba, kuma a gidaje da yawa masai na tsuguno ne. Mutum zai iya yin taku 7,000 a rana, agogo ya yi ta yaba masa, amma sau biyar a yini yana jan kujerar roba zuwa ƙarshen sahu. Shari'a ta sauƙaƙa masa, sallarsa ta yi, malamai sun sha gaya masa hakan. Duk da haka akwai dattawa da yawa da rashin kai goshi ƙasa ke ci musu rai fiye da ɗingishi, kuma ba wani agogon ƙirga taku da zai rubuta wannan.

Na yarda da wannan suka ɗari bisa ɗari, kuma ita ce ta haifar da sharaɗin da na gindaya. Abin farin ciki shi ne ba sai an fara daga tushe ba. Masana gashin ƙashi a Jami'ar Ibadan sun tsara takardar tambayoyi don masu amosanin gwiwa da ƙugu wadda ta ƙunshi ayyukan mutanen ƙasar nan, irin su zaman salla a kan diddige, durƙuso don gaisuwa, amfani da masai na tsuguno da noma da fartanya, kuma an buga gwajin fassararta ta Hausa a 2008. Don masu amosani aka yi ta, amma ta nuna irin tambayoyin da ya kamata a riƙa yi wa wanda aka canza wa gwiwa a nan. Batun durƙuso kuwa yana buƙatar magana dalla-dalla. Bincike a ƙasashen Turai ya nuna tsakanin kashi 60 da 80 cikin 100 na masu sabuwar gwiwa suna shan wuyar durƙusawa ko ba sa yi sam. Wani ɓangare na dalilin shi ne fatar gefen tabo takan daina jin taɓi ko ta riƙa ba da wani baƙon ji saboda ƙaramar jijiyar da ake yankewa lokacin aiki, wani ɓangaren kuma tsoro ne da rashin bayani, domin ba a samu hujjar cewa ɗora gwiwa a ƙasa yana lalata ƙarfen ba. A wani gwaji a Oxford da aka buga a 2008, kan waɗanda aka canza wa sashen gwiwa kawai, zama guda na koyar da durƙuso ya inganta yadda suke iya yinsa. Ke nan akwai abin da za a iya koyarwa, da izinin likitan da ya yi aikin, a fara a kan katifa ko filo. Amma zama ɗungurungum a kan diddige wani abu ne daban, da yawa ba za su sake samunsa ba, kuma wajibi ne a gaya musu haka ƙarara kafin su sa hannu a takardar tiyata. Binciken nan na Ontario ya gano cewa abin da ya fi komai hasashen rashin gamsuwa shi ne burin da bai cika ba. Waɗanda ba su samu abin da suka zata ba sun ninka sauran fiye da sau goma wajen yiwuwar cewa ba su gamsu ba. Idan dattijo ya shiga tiyata yana ƙudurta cewa zai koma zaman tahiya, likita kuma yana ƙudurta cewa zai raba shi da ciwo ya sa shi tafiya, to kowannensu zai fito da nasa hukuncin a kan aiki guda.

Da zarar an rubuta burin, zaɓen na'ura ya zo da sauƙi. Mai son komawa kasuwa ko gona, ƙirga taku da tsawon lokacin tsayuwa ya wadatar. Wadda damuwarta tashi da zama ce, akwai 'yar na'urar da ake mannawa a cinya wadda ke ƙirga sau nawa mutum ya miƙe daga zaune a yini. Wanda ake tsoron gwiwarsa ta sanƙare, akwai tagwayen ma'aunai da ake ɗaurawa sama da ƙasan gwiwa su auna kusurwar lanƙwasawa a gida. Abin da kuma ba na'urar da ke auna shi, sai a tambaya da sunansa, ba a dunƙule ba. Maimakon "yaya ƙafar?", a ce: "Baba, a ina kuka yi sallar asuba yau, a tsaye ko a kujera? Kun iya shiga banɗaki ku kaɗai? Sau nawa ciwo ya tashe ku jiya da dare?" Irin wannan tambaya kawaici ba ya iya rufe ta da "da sauƙi".

Saura batun kuɗi, kuma ba zan daɗe a kansa ba. A ƙasashen da ke da hali an yi nisa: a 2018 kamfanin Zimmer Biomet ya haɗa kai da Apple don bibiyar masu canjin gaɓa ta agogo, a 2021 kuma hukumar kula da magunguna ta Amurka ta amince da gwiwar da aka dasa wa ma'auni a cikinta, mai aika bayanin taku da saurin tafiya ta intanet ɗin gida. Wannan ba shi ne abin da sashen da muke magana a kai yake buƙata ba. Agogo mai sauƙin kuɗi ɗan ƙaramin kaso ne na abin da aka kashe a tiyata, akwai ma masu batirin da ke shekara guda ba a nemi caji ba, abin da ke da muhimmanci inda wuta ba ta da tabbas. Sashen zai iya mallakar 'yan kaɗan ya riƙa ba da aro na wata uku. Wayar hannu ma tana ƙirga taku, sai dai wayar dattijuwa ta fi zama a kan gado ko a hannun jika fiye da a jikinta. Tsadar gaske tana wurin ma'aikata. Sashen da mutum biyu ko uku ke fama da cikakken benci ba shi da mai zaman duba lambobi, kuma na'urar da ba mai karanta ta ba ta da amfani ga kowa. Idan ba za a ware wa wani ma'aikaci lokaci a mako ya duba ya kuma kira waɗanda lambarsu ta tsaya ba, gara kada a fara.

Akwai kuma haƙƙin mai ɗaure da agogon. Na'urar da ta san lokacin tashin mutum da kwanciyarsa, wani lokaci har inda ya je, ta san abin da ko maƙwabci bai sani ba, kuma yawancin wannan bayani yana tafiya ne rumbun kamfanonin ƙetare. Dokar kare bayanan jama'a ta Nijeriya ta 2023 ta sanya bayanin lafiya cikin waɗanda ke buƙatar kariya ta musamman, saboda haka asibitin da zai tattara shi dole ya bayyana wa mutum, da harshen da yake ji, wa zai gani, don me, kuma har zuwa yaushe. Ni dai abin da ya fi damuna ya fi kusa da gida. Sau da yawa ɗa ne ke sayen agogon ya haɗa shi da tasa wayar, yana Abuja ko Legas ko wata ƙasa yana kallon takun mahaifiyarsa, ya bugo da dare yana tambayar me ya hana ta fita yau. Niyyarsa kyakkyawa ce, amma uwa ba za ta ji daɗin a mayar da ita abar sa ido a gidanta ba, kuma wadda ta ji an takura mata za ta cire agogon ta ajiye a ƙarƙashin filo, ko ta ɗaura wa jika ya je ya yi wasa da shi. Ita za a fara tambaya ko ta yarda, ita za ta zaɓi wanda zai ga lambar ban da mai gashi, ita kuma za a fara nuna wa sakamakon a ranar ganin likita kafin a juya ga ɗanta. Idan ta ce ba ta so, a karɓi agogon, a koma ga kiran waya sau biyu a mako da 'yar takardar da za a manna a bango, jika ya riƙa yin alama duk lokacin da ta taka zuwa ƙofar gida ta dawo.